Shekarar da Muka Haddace Garin Gada

'Ya'yana, ranar sunan ɗan Husaini ina zaune a kusurwar falo, ina fama da shayin da aka cika wa sukari kamar ba a san likita ya hana ni ba, sai na ji Bashir yana ba baƙi labari ana ta ƙyaƙyata dariya. Wai da tuni dukanku Faransawa ne masu jan fasfo, ba don Babanku matsoracin sanyi ba ne. Har da kwaikwayon yadda nake ƙudundunewa cikin bargo. Ni ma na taya su dariyar, don ni na ƙaga wannan labari da bakina shekara ashirin da 'yan kai da suka wuce, kuma ya yi mini aikin da na sa shi. Amma da na koma gida abin ya tsaya mini a rai. A cikin dangi mu huɗu muka san abin da ya faru a shekarar nan. Innarku ta riga mu gidan gaskiya, Kawu Usman tela ya bi ta, Allah ya jiƙansu, ni ma gwiwa da ƙirji sun fara aiko mini da sammaci. In na tafi ban faɗa ba, jikokina za su tashi da labarin kakan da ya mayar da arziki saboda sanyi. Ta huɗun ita ce 'yar'uwarku Safiya, saboda haka na kira ta a waya na nemi izini.

"Rubuta, Baba," in ji ta. "Amma kada ka wanke kanka tas. Ka bar ɗan datti yadda za a gane kai ne."

To ga shi nan, har da dattin.

A lokacin ina aikin tafinta a wani ƙaramin ofishin 'yan yawon buɗe ido a Wustul Balad, wato tsakiyar birni. Karatun addini ne ya kawo ni Masar daga Damagaram, amma Faransancin da na koya a lakwal, makarantar boko, tun ina yaro shi ya riƙa ciyar da ku. Aikin kuwa ga yadda yake: jagora Bamasare ne, shi ke da lasisi, shi ke da magana, ni ina tsaye a gefensa ina juya Larabcinsa zuwa Faransanci. In ya shara ƙarya in juya ƙarya, in ya manta sunan Fir'auna in rufa masa asiri. Shekara goma sha ɗaya ina zama bakin wani. Kowace shekara kuma in kwashi takardunmu in je layin sabunta iƙama, wato izinin zama, tun safe har la'asar, a ƙarshe a ce in dawo bukra, wato gobe, bukrar Masar kuwa kun san tsawonta. Muna hawa na biyar a unguwar Hayyin Ashir, ɗaki biyu da falo, mu bakwai.

Wata rana aka kawo mana tsofaffin manoma daga wani ƙauyen Faransa, sun daɗe suna shirin ganin dalar Giza kafin su mutu. Cikinsu akwai wani dattijo mai farin gashin baki, sunansa Anri, shi ne maigarinsu. Da aka zo shiga cikin dala sai gwiwarsa ta ƙi, aka bar ni da shi a inuwar wani dutse. Na gyara murya ina jiran ya tambaye ni labarin Fir'auna. Ina! Ya dubi dalar nan sama da ƙasa, ya ce babba ce ƙwarai, sai dai ba a iya zama a kanta a kama kifi. Su kuwa a garinsu suna da gadar dutse tun zamanin Rumawa, ana kama kifi a kanta, har gobe tarakta na bi ta kai. Daga nan ya shiga labarin garinsu bai fito ba, ni kuwa ina ta gyaɗa kai don ladabi. Can sai ya juyo.

"Kai fa, yara nawa gare ka?"

Kun san mu ba mu son ƙidayar 'ya'ya a gaban baƙo. Na ce alhamdu lillahi, akwai su. Ya nace, na ce biyar.

"Biyar!" Ya damƙe hannuna har na ji zafi. "Duk sun isa makaranta?"

Na ce 'yan biyunmu, Hasan da Husaini, bana suka shiga, sauran ukun sun yi nisa. Sai na ga idon tsoho ya kawo ruwa. Ashe matasan garinsu duk sun gudu birni, saura tsofaffi da karnuka. Makarantarsu aji ɗaya ce tak, hukuma kuma ta ce in ba a ƙara yara ba kafin shekarar karatu mai zuwa, za a rufe ta. Garin da aka rufe makarantarsa kuwa, in ji shi, sai dai a fara haƙa masa kabari. Suna da gidan tsohon malami a kulle ba kowa. Suna kuma neman wanda zai riƙe makullan wuraren tarihinsu, ya riƙa zagayawa da baƙi, don mai riƙewar ya rasu. Ga ni da Faransanci, ga ni da sanin baƙi, ga ni da yara biyar.

A nan nake so ku tsaya. Ban yi wa Anri ƙarya ba, kuma ko a mafarki ban ji akwai abin gyarawa a maganata ba. Ku kun tashi kun ga Safiya a tsakiyarku, amma ba ku ga zuwanta ba. Mahaifinta Malam Adam maƙwabcinmu ne, ƙofa na kallon ƙofa. Bahaushen Sudan ne, kakanninsa suka fito daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, suka yada zango a bakin Nilu, zangon ya zama gida. Wahala ta koro shi Masar da matarsa. Matar ta haihu, ba ta yi arba'in ba ta cika. Hadiza tana da wata uku a lokacin. Innarku ba ta shawarci kowa ba, ta tsallaka ta ɗauko jaririya ta sa a nono, wannan a dama, waccan a hagu. Safiya na da shekara biyu ciwon ƙoda ya kwantar da Adam. A gadon asibiti ya kama hannuna ya ɗora a kanta ya ce, "Amana, Malam Isufu." Shi ke nan abin da aka yi. Wa ke rubuta takarda don ya riƙi ɗa? A Damagaram ni kaina a gidan baffana na tashi, har na yi gemu ba wanda ya taɓa nuna mini bambanci a akushi.

Bayan wata ɗaya sai ga ƙunshi daga Anri: ɗan littafin garin, da taswira, da hotuna, da wasiƙar majalisar ƙauye cewa sun amince. Sunan garin ya gagari harshen Innarku, ta ce ita ba za ta karya haƙori ba, sunansa Garin Gada, kuma haka ya zauna. Ni kuwa na ce ba zan sauka a matsayin baƙo ba, sai na san garin nan fiye da wanda aka yanke wa cibiya a cikinsa. Kullum bayan la'asar sai a shimfiɗa tabarma a falo, in buɗe littafi in karanta da Faransanci, in juya muku da Hausa. Muka fara da gada mai ƙofa uku a ƙasa inda ruwa ke wucewa, da alamar da aka sassaƙa a jikinta ta inda ambaliya ta taɓa kaiwa. Daga gada a bi kogi a gangara zuwa tsohon injin niƙa, wanda ruwa ke juya masa wata ƙatuwar ƙafa ta katako. Daga nan a hau tudu zuwa hasumiya, ita kaɗai ta rage daga ganuwar wani basarake, matakala ɗari da sha biyu, ta arba'in ta karye sai an tsallaka, in ka kai sama kana hango ƙauyuka biyar. A gindin tudun akwai marmaron da bai taɓa ƙafewa ba, an yi masa rumfa da dakali inda matan dā ke wanki. Innarku ta ce wannan ba sai an yi mata bayani ba, wurin gulma ne, ko'ina da irinsa. Bayan gari akwai dajin itatuwan nan da ake gasa 'ya'yansu, waɗanda Masarawa ke kira abu farwa, da wani ruwa mai zubowa daga kan dutse. Da na zo kan coci da ƙararrawarsa sai ta ɗaga gira, na ce ta kwantar da hankalinta, wannan makullin yana hannun wata tsohuwa da ba ta ba kowa.

Amma abin da ya fi kama ku kogo ne. A cikinsa mutanen farko sun zana dawaki da ɓauna da jar ƙasa da gawayi, har da shatin tafin hannun wani yaro. Mutum goma kawai ake bari su shiga a lokaci ɗaya, don numfashin jama'a yana cin zanen. Kafin wata biyu gidanmu ya zama Garin Gada. Ƙarƙashin gadon Innarku ne kogo, kun sha duka a kan zanen gawayi. Benen da muke hawa shi ne hasumiya, 'yan biyu suna tsallake matakala ta arba'in har yau ina jin ƙarar faɗuwarsu. Famfon banɗaki ne marmaro, ranar da aka ɗauke ruwa a Ashir kuwa, wato kusan kullum, sai Bashir ya fito ya yi shela cewa marmaron da bai taɓa ƙafewa ba ya ƙafe. Duk cikinku ba wanda ya kai Safiya. Shekararta tara, amma ta haddace littafin nan har tana gyara mini. Takan ɗauki ludayi ta ɗaga sama kamar yadda jagorori ke ɗaga lema, ta tasa matar mai gadi da 'ya'yanta a gaba, daga ƙofa zuwa kicin, tana cewa, "Yalla, jama'a, a bi a hankali, gadar nan ta girmi kakan kowa." Ban taɓa jin daɗin gidana kamar a watannin nan ba. Ina kallon kaina riƙe da makullai a ƙugu, ina magana da bakina, ba wani a gefe da zan jira ya gama.

Ranar kai takardu muka tafi ofishin jakadancin Faransa ni da Innarku, ta sa lufayarta ta zuwa biki. Matar da ke bayan gilashi mai kirki ce, ban da abin da zan ce da ita. Ta jera takardun haihuwa a gabanta, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ɗauki katin Safiya na 'yan gudun hijira, ta duba, ta sake dubawa.

"Wannan sunan mahaifinta Adam. Kai Isufu ne."

Na ce haka ne, na ba ta labari tun daga farko.

"Na gane," in ji ta. "Amma a wurinmu ba 'yarku ba ce."

Innarku ta taɓa ni da gwiwar hannu. "Me ta ce?" Na gaya mata. Ta matso jikin gilashin nan har numfashinta ya dushe shi.

"Malam, tambaye ta ko suna da takardar nono. Shekara biyu tana tsotsona, in shaida suke so in kawo unguwa guda."

Shekara goma sha ɗaya ina juya maganar mutane, mai daɗi da marar daɗi, wannan ce ta farko da na haɗiye ban juya ba. Matar ta yi mini bayani dalla-dalla. Sai an samo hukuncin kotu daga ƙasar yarinya, da yardar dangin uba na kusa, dangin da ba mu san inda wahala ta watsa su ba. Abin zai iya cin shekaru, kuma ko an samu ba ta yi alkawarin komai ba. Na buga wa Anri waya a ranar. Tsoho ya yi iya yinsa, ya rubuta nan ya rubuta can, bayan mako uku ya kira ni. Ya ce an sami wani yaro ɗaya daga wata gona, saboda haka huɗu ma sun isa a ceci makaranta, amma lallai mu iso kafin a buɗe.

"Ku zo da huɗun," in ji shi. "In kun zauna sai mu yi yaƙin ta biyar tare."

Da ya ce huɗu ba su isa ba, da ya hutar da ni. Labari ba ya ɓuya a Ashir, ba a yi kwana biyu ba wani mutum ya same ni a gidan shayi kusa da ofis, ya ja kujera ba gayyata. Ya ce takardar haihuwa ce, da hatimi da komai, sunana a gurbin uba, mako ɗaya tamam. Kwana uku ina juya maganar. Na ƙi, kuma ina so in ce muku don addini ya hana a jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba, don kuma Adam bai bar komai a bayan ƙasa ba sai sunansa da ke bin na 'yarsa. Duk gaskiya ne. Amma tunda an ce in bar datti, har da tsoron kurkuku a ciki.

Babban dattin ga shi. Na hau mota na tafi unguwar Hay el-Sabi' wurin Kawu Usman tela, wanda kakarsa da kakan Adam 'yan ɗaki ɗaya ne. Mutumin kirki, su tara a gidansa, keken ɗinki a falo. Na ce ya riƙe mini Safiya shekara ɗaya, kafin takardu su fito. Ni na san ba shekara ɗaya ba ce, shi ma ya sani. Ya daɗe yana kallon allurarsa, sannan ya ce to. A hanyar dawowa na shirya hujjojina tsaf: huɗu sun fi ɗaya, ana ɗaukar ƙaramar cuta don a kauce wa babba, gidan dangin ubanta za ta ba gidan bare ba. Malami in yana son abu ba ya rasa littafin da zai buɗe. Na zayyana wa Innarku su duka tana tsintar shinkafa, ba ta ɗago ba sai da na gama.

"Malam, kai ne maigida, ba zan ja da kai ba," in ji ta. "Amma hannuna ba zai haɗa kayanta ba, bakina kuma ba zai gaya mata ba. Wanda aka ɗora hannunsa a kanta shi zai yi."

Daga ranar, kwana tara, ban ji daga gare ta ba sai "ga abinci" da "a dawo lafiya". Ni ma bakina ya kasa gaya wa Safiya. Sai na yi dabara irin ta matsorata. Na sa ranar Talata da hantsi, lokacin da duk kuna makaranta. Na ce wa Safiya ta zauna gida, Kawu Usman zai zo ya tafi da ita a gwada ta, a ɗinka mata rigar tafiya. Na ce a raina in ta kwana biyu can sai in je in lallashe ta, kayanta su bi ta a hankali. Ta ce, "To, Baba," ba ta ƙara komai ba.

Talata ta zo. Usman ya hawo bene yana haki, ya zauna a bakin kujera ya ƙi jingina. Innarku tana kicin, ta juya mana baya. Na kira Safiya. Ta fito daga ɗaki sanye da hijabinta na Juma'a, a hannunta baƙar leda an ƙulle bakinta tam. Na ce mene ne wannan, gwaji kawai za a yi. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta, ba hawaye. Bangon gidajen Ashir ba ya riƙe asiri, ashe tun daren da na jera hujjojina tana ji. Kwana tara yarinyar nan tana cin abinci da mu, tana zagayawa da ludayinta, ta san komai. Ta ajiye ledar, ta ce da Usman, "Kawu, na shirya." Sannan ta juyo wurina.

"Na koya wa Hadiza duka, daga gada har hasumiya. Kogon ne take mantawa, a riƙa tuna mata mutum goma ake shiga."

Sai ta durƙusa har ƙasa, yadda Innarku ta koya muku gaida manya.

"Malam, na gode da riƙo. In na yi laifi a yafe mini."

Tun da ta buɗe baki ta fara magana Baba take ce mini. Ban san inda ta samo wannan Malam ɗin ba, ban san ko dare nawa ta yi tana gwada shi ba. Na ji kamar an zuba mini ruwan zafi a ƙirji. Duk littattafan da na buɗe a mota na neme su na rasa. Na dubi hannuna a kan gwiwata, wannan da Adam ya kama. Kunya ta rufe ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma ban sake ji ba.

"Wa kike ce wa Malam?" na ce. Muryata ta fita da ƙarfi har ta firgita. "Wane ne Malam a gidan nan? Tashi!"

Ta tashi. Na ɗauke ledar na rungume kamar wani zai ƙwace. Na ce da Usman ya yi haƙuri, na sa shi hawan bene a banza, ya sha shayi ya koma. Ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sai a lokacin ya jingina.

"Khalas, ya zol, shi ke nan, malam," in ji shi. "Wallahi da ka ba ni ita da na riƙe ta kamar tawa. Amma da na daina gaishe ka."

Innarku ta fito daga kicin, idonta jawur, ba albasa a hannunta. Ta karɓe ledar daga hannuna, ta kwance, ta zazzage a kan tabarma: riga uku, takalmi, ɗan Alƙur'aninta, da cokalin da take cin abinci da shi. Ta dubi Safiya.

"Sa kayan makaranta. Kin makara."

Abin da ya biyo baya kun gani da idonku, sai dai ba ku san tushensa ba. Na rubuta wa Anri gaskiya duka, na ce ba za mu zo ba. Amsarsa gajera ce, ya ce ya gane, ya ce da shi ne bai san abin da zai yi ba. Shekara na zagayowa aka rufe makarantar, yaran da suka rage aka riƙa kwasarsu a mota zuwa wani gari. Wannan yana cikin abin da nake neman gafara a kai, don dattijon nan ya dogara da ni. Bashir, kai ka fi kowa biya. Kana son karatun likita, takardun baƙo suka tare ka, ka ƙare a shagon waya, na kuwa ga yadda ka yi wata shida ba ka haɗa ido da ni. Innarku ta ci gaba da hawan bene biyar har ƙafafunta suka ƙi. Ni na koma gefen jagora na ƙara shekara goma sha huɗu ina juya maganar wani, ban taɓa riƙe makullin komai ba sai na gidan haya. A yammacin Talatar nan ni da Innarku muka yanke cewa ba ɗayanku da zai taɓa kallon Safiya ya ga abin da ya rasa. Sai na ce muku likita ya duba ƙirjina ya ce sanyin can zai kashe ni. Gara ku yi mini dariya shekara ashirin da ku yi mata kallo ɗaya. Yanzu kun girma, kowa ya haifi nasa, kun san nauyin abin. Wanda yake ganin na cuce shi ya zo ya faɗa mini tun ina da rai, zan saurara, ba zan yi gardama ba. Amma kada a kai mata ko kalma ɗaya. Ni dai na duba rayuwata gaba da baya, digirina da Faransancina da duk manyan da na yi wa tafinta, ban ga abin da nake alfahari da shi kamar hantsin nan ba, duk da cewa sai da yarinya 'yar shekara tara ta durƙusa kafin in zama mutum.

Ni na raka ta makaranta a ranar. Muka sauko bene, muka ratsa kasuwar Ashir, tana riƙe da yatsana. Mun tarar an rufe ƙofa. Mai gadin sabo ne, bai san ni ba. Ya ce ɗalibin da ya makara ba ya shiga sai waliyyinsa ya sa hannu, ya jawo wani babban littafi, ya tambayi sunanta.

"Safiya Adam," in ji ta.

Ya rubuta, ya miƙo mini alƙalami, ya karɓi katina yana dubawa. Sai ya ɗago.

"Ya ustaz, nan Isufu na gani. Kai ne Adam?"

Na ji yatsunta sun ƙara matse nawa.

"A'a," na ce. "Adam ya haife ta. Ni ne Babanta."

Ya dube ni, ya dube ta, ya ɗaga kafaɗa, ya nuna mini inda zan sa hannu.